Ɓata Dabam, Rasuwa Dabam

Ya 'yan'uwa malamai da fatake, ga wani al'amari da ya auku a zaurena, na ga ya wajaba in sanar da ku.

Wata rana da hantsi saƙo ya shigo wayata da Turanci daga ɗan wani aminina, mai sayar da goro. Na miƙa wa wani almajirina mai ɗan karatun boko, ya duba ya ce, "Malam, wai mahaifinsu ya ɓata." Na ce, "To, a yi cigiya, Allah ya bayyana shi." Ban san gaskiyar magana ba sai bayan azahar, an riga an kai shi makwancinsa. Kalma guda ta hana ni sallar jana'izar mutumin da muka yi shekara 30 muna sa hannu a akushi ɗaya.

Ban ga laifin yaron ba. Bature da kalma ɗaya, watau lost, yake faɗin ɓatan akuya da rasuwar mahaifi. Mu kuwa mun raba su: abin da ya ɓata cigiyarsa ake yi, wanda aka rasa addu'a ake yi masa. Haka kuma late, wadda muka ara muka mai da ita latti: da ita suke kiran wanda ya makara, da ita suke kiran mamaci. Bahaushe kuwa ya ce marigayi, watau wanda ya riga mu, kuma cikin wannan akwai wa'azi, gama wanda aka riga yana tafe a baya. Miss ma haka take: ita ce kewar masoyi, ita ce mota ta tashi ta bar ka a tasha.

Ku dubi friend. Dandalin Facebook, wanda aka kafa a 2004, ya yarje wa mutum ya tara har 5,000, duka da suna ɗaya. Mu muna da idon sani, da abokin ciniki, da abokin tafiya, kana amini, wanda sunansa da amana tushensu ɗaya. Larabawa ma daga sidƙu, watau gaskiya, suka ciro sadiƙi. Falken da ya ɗauki idon sani a matsayin amini ya ba shi kaya bashi, shi zai ba da labari.

Ba cewa nake a bar koyon Turanci ba. Masu shi suna gane nufin juna daga zubin magana, mu da muka tsince shi a hanya mu ne muke tuntuɓe. Roƙona guda ne: ku hori 'ya'yanku, labarin rasuwa a faɗe shi da baki, da harshen da dattijo yake ji, a ambaci lokacin jana'iza da wurinta.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshe. Wasalam.