Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Jama'a, in an taso da zancen Falasɗinu a ɗakunan kwananmu, kowa yakan ɗaga murya, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa karanta abin da mutanen Isra'ila da kansu suke rubutawa game da ƙasarsu. Mun ɗauka duk bakinsu ɗaya ne. Wannan kuskure ne, kuma ɗalibin da yake son ya yi gardama da hujja bai kamata ya zauna a kansa ba.

Mu fara da tambayar da ta dace a yi wa kowace jarida, watau wa yake biyan kuɗinta? A 2007 attajirin nan na Amurka, Sheldon Adelson, ya kafa jaridar Israel Hayom, ana raba ta kyauta a tituna, ta kuma yi suna wajen goyon bayan Netanyahu. Masu zane da masu fim kuwa, da yawansu da tallafin gwamnati suke aiki. Har a 2018 ministar al'adu, Miri Regev, ta nemi a yi dokar da za ta ba ta ikon janye kuɗi daga duk aikin da aka ga bai yi wa ƙasa biyayya ba, ko da yake majalisa ba ta zartar ba. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Saboda haka ne ƙananan mujallun intanet masu zaman kansu suke da muhimmanci. A 2010 wasu 'yan jarida suka kafa +972 a Tel Abib, suka raɗa mata sunan lambar wayar ƙasar. Yahudawa da Falasɗinawa ne ke rubuta ta tare. A 2014 aka buɗe ƙawarta ta Ibrananci, Sikha Mekomit. A fannin zane akwai Tohu, wadda ke fitowa cikin Ibrananci da Larabci da Turanci, abin da ya ba masu zanen ɓangarorin biyu zaure guda.

To, me suka tsinana? A watan Afrilun 2024 Yuval Abraham ya buga bincike, bisa shaidar jami'an leƙen asiri shida, cewa sojojin Isra'ila sun yi amfani da wata manhajar kwamfuta mai suna Lavender wadda ta ware mutanen Gaza kimanin 37,000 a matsayin abin hari. Rundunar sojan ta musanta, amma manyan jaridun duniya sun ɗauki labarin. Shi Abraham ɗin ne, tare da Basel Adra da abokansu biyu, suka shirya fim ɗin No Other Land a kan rushe ƙauyukan Masafer Yatta, wanda ya ci lambar Oscar a 2025, ministan al'adun ƙasar kuma ya fito ya soke shi.

Wani zai ce ai waɗannan mujallu ba su da masu karatu da yawa a gida, kuma da taimakon gidauniyoyin waje suke rayuwa. Gaskiya ne. Haka kuma ba su tsira daga almakashin soja ba, domin dokar tace labarai da aka gada daga Turawan Ingila tun 1945 tana kansu. A 2023 kaɗai an hana buga labarai 613 a ƙasar. Amma ku lura, +972 ce ke fitar da wannan ƙididdiga kowace shekara. Jaridar da ke ƙirga wa mai almakashi yankansa ta cancanci a saurare ta, ko da muryarta ƙarama ce.

Shawarata gare mu, 'yan'uwana ɗalibai, ita ce mu nemi waɗannan rubuce-rubuce mu karanta, mu auna su da hankalinmu. Shaidar da ta fito daga cikin gida ta fi wuyar ƙaryatawa.