Daga Kadawa Zuwa Kasuwa: Abin da Ya Kamata Ƙananan Hukumomi Su Nema

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin watan Janairu da Maris, da wuya ya wuce Kwanar Gafan bai ga kwandunan tumatir jere a bakin titi ba, manoma na tsaye a kansu suna jiran mai saye. Da hantsi tumatirin nan ja ne sharr, mai ƙyalli. Kafin la'asar ya fara laushi, washegari kuwa ruwa na ɗiga daga gindin kwando. Manomin da ya yi wata uku yana ban-ruwa da sa taki da feshi, dole ya sallama a kan kuɗin da dillali ya yanka, domin kayansa ba sa jiran ciniki. Ƙiyasin da masana aikin gona suka fi ambatawa shi ne cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya yana lalacewa kafin ya shiga tukunya. Wannan asara ba a gona take aukuwa ba, tana aukuwa ne tsakanin gona da kasuwa, kuma nan ne hurumin ƙaramar hukuma.

Abin da kimiyya ta ce game da kwandon tumatir

Tumatirin da aka tsinka bai mutu ba. Yana ci gaba da numfashi, wato yana shaƙar iskar oksijin yana ƙona sukarin da ke jikinsa, yana fitar da zafi da tururin ruwa. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Masana sun gano cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Selshiyas, saurin wannan numfashi yakan ninka sau biyu ko ma fiye. Ke nan tumatirin da ke cikin ranar da ta kai digiri 35 yana tsufa da saurin da ya ninka na wanda ke ɗaki mai digiri 15 aƙalla sau huɗu. Bugu da ƙari, ɗan tumatir yana fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ita ce ke sa shi nuna. Wanda ya ƙuje ko ya fashe ya fi fitar da ita, sai ya gaggauta nunar na kusa da shi, ƙwayoyin cuta kuma su sami ƙofar shiga. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, a kwandon tumatir ma haka abin yake.

Ana iya cewa abokan gaban tumatir uku ne: zafi, girgiza da jinkiri. Hanya marar kyau kuwa ta haɗa duka ukun. Motar da ya kamata ta fita daga gona cikin minti 20 sai ta yi awa guda tana faɗawa ramuka, kwando yana danne kwando, rana tana dukan su. Bayan wannan kuma ga tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 da ke Ikko.

Darasi daga tarihi

Ƙasar Kano ta san abin da hanya ke haifarwa. Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan gyaɗar da ake nomawa don ƙuli-ƙuli da mai ta zama hajar da ake kaiwa Turai, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama tambarin birnin. Ƙasar noman tana nan tun da, manoman ma suna nan, abin da ya canza shi ne an sami hanyar fitar da kaya. Haka kuma da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka shimfiɗa magudanan ban-ruwa a yankin Kadawa da Kura da Bunkure, sai noman rani ya kankama a kan kadada dubbai, garin Kura ya zama cibiyar cinikin shinkafa.

Sai dai akwai darasi na biyu. A 2016 an buɗe babbar masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, wadda aka tsara za ta iya markaɗa tan 1,200 a kowace rana. A wannan shekarar ce tsutsar nan mai suna Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki, kuma a shekarun da suka biyo baya masana'antar ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir a kan kari. Babban aiki ba ya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai. Yana buƙatar ƙananan abubuwan da ba a yi musu bikin yanka ƙyalle: hanyar karkara, kwalbati, rumfa, malamin gona da ruwan sha a kasuwa.

Hurumin ƙaramar hukuma

Gyaran da aka yi wa tsarin ƙananan hukumomi a 1976 ya mai da su mataki na uku na gwamnati, kuma tun 1996 adadinsu ya kai 774, Jihar Kano tana da 44. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da hanyoyi da magudanan ruwa. A rabon arzikin ƙasa kasonsu kashi 20.6 ne cikin 100. Shekara da shekaru kuɗin nan yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, har zuwa ranar 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, amma ko da an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, babu ƙaramar hukumar da za ta iya gina babbar hanya ko tashar lantarki da aljihunta bayan ta biya albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya. Saboda haka rabin aikin shugaban ƙaramar hukuma nema ne: neman jiha, neman tarayya, neman hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, neman masu ba da rance irin su Bankin Duniya. Tambayar ita ce yaya ake neman.

Al'adar da aka saba ita ce a cika mota da dattawa a je gidan gwamnati, a yi godiya, a karanta jerin buƙatu goma sha biyar, a ɗauki hoto, a dawo. Irin wannan roƙo ba ya wuce teburin sakatare, domin ba ya gaya wa mai rabon kuɗi abin da zai samu idan ya kashe. Injiniya da jami'in kasafin kuɗi harshen alƙaluma suke ji. Shugaban da ya je ya ce hanyar ƙauye kaza ta lalace, bai faɗi abin da sauran takwarorinsa ba su faɗa ba. Wanda kuwa ya ajiye takarda mai nuna tsawon hanyar, da yawan motocin da ke bin ta a ranar kasuwa, da kwandunan da ke fita a kowane mako, da kuɗin da direba ke caji a kanta idan aka gwada da hanya mai kyau, da kwanakin da take yankewa a watan Agusta, wannan ya zo da hujja. Tattara irin waɗannan bayanai ba ya buƙatar miliyoyi. Ɗaliban aikin gona da na injiniya na Jami'ar Bayero ko na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil za su iya yin sa a matsayin aikin kammala karatu, in dai an gayyace su an ba su kuɗin mota.

Abu na biyu shi ne haɗa kai. Ruwan Tiga bai san iyakar Bunkure da Kura da Garun Malam ba, motar tumatir ma ba ta tsayawa a kan iyaka. Idan kowace ƙaramar hukuma ta nemi nata ɗakin sanyi, ƙarshenta a sami uku da babu mai aiki a cikinsu. Idan suka zo da tsari guda, wanda ya nuna inda za a tara kaya, da hanyoyin da za su ciyar da wurin, da yadda zai haɗu da babbar hanya da layin dogo, maganarsu za ta yi nauyi. Wannan ya shafi ƙananan hukumomin da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya ratsa ta cikinsu, irin su Kazaure da Daura da Jibiya. Jirgi a tasha yake tsayawa, ba ya shiga gona, kuma garin da bai tanadi hanyar zuwa tasha ba sai dai ya ji kukan jirgi yana wucewa.

Kafin a roƙi na nesa

Wani zai ce ƙananan hukumomin da ake zargi da almubazzaranci ba su da bakin neman ƙari. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma amsarta ita ce su fara da abin da ke hannunsu. Babban abokin gaban hanyar marmara ruwa ne. Idan tsakiyar hanya ta ɗan fi gefenta tudu, aka yashe lambatu da kwalbatoci kafin damina, hanya takan yi shekaru. Idan aka bar ruwa ya kwanta, ƙasar da ke ƙarƙashi ta jiƙe, damina ɗaya ta isa. Haka kuma batun lodi. Gwajin da aka yi a Jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Gatarin da aka ƙara wa lodi daga tan 10 zuwa 13 yana ɓarnar da ta kusa ninka ta farko sau uku. Hukumar da ke karɓar haraji a tashar mota tana da ikon zama da ƙungiyar direbobi a kan wannan.

Rumfa a wurin tara kaya ma ba ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, haka nan akwatunan roba da za a riƙa bayarwa haya a maimakon kwando, domin akwati yana ɗaukar nauyin na samansa, ba ya barin sa a kan tumatir. Ko sanyaya kaya ba lallai sai da lantarki ba. Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, wadda ake zuba jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu. Ruwan da ke ƙafewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, kuma dabarar ta fi aiki a busasshiyar iskar rani, daidai lokacin kakar tumatir. Ana gina ɗaki da bulo mai bango biyu a kan wannan ƙa'ida.

Shugaban da ya yi waɗannan, ya liƙa lissafin abin da ya kashe a allon sakatariya inda kowa zai gani, ya sami bakin magana a gaban gwamna da minista. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rashin lissafi shi ne tsagewar da masu hana ƙananan hukumomi haƙƙinsu suke fakewa da ita. Su ma talakawa akwai nasu rabon aikin. Idan ɗan takarar shugabanci ko na kansila ya zo neman ƙuri'a, ya kamata ƙungiyar manoma ta tambaye shi kwalbati nawa zai yashe kafin watan Yuni, da kuma wace takarda zai kai Kano da Abuja. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya sa manomi ya ci guminsa.