RA'AYI: Gasasshiyar taliya, tafkin Jabi da abincin daren ma'aikaci

Duk wanda ya bi ta bakin tafkin Jabi da sanyin safiyar Asabar zai tarar da taro na musamman. Daraktoci da mataimakansu, akantoci da magatakarda, hadiman ministoci da na 'yan majalisa, kowa ya ajiye babbar riga ya sa kayan motsa jiki. Wasu na sassarfa, wasu na bin kiɗa suna tsalle, gumi na zuba. Kafin la'asar kuma, wasu daga cikinsu za su shiga katafaren kantin da ke gefen tafkin, Jabi Lake Mall, su fito da cukun Turawa, bota, kirim, niƙaƙƙen nama da kwalin taliya mai faɗi, domin a haɗa wa iyali abincin daren da aka gani a Instagram ko TikTok. Abin da aka zubar da safe, sai a mayar da shi da dare har da riba.

Abincin da ake magana a kai shi ne taliyar da ake ɗura wa haɗi a ciki, a jera ta a tire, a kwarara mata miya, sannan a gasa. Italiyawa na kiran mai siffar bututu cannelloni, mai kama da ƙoƙon katantanwa kuma conchiglioni, yayin da 'yan uwansu da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka yaɗa irin tasu mai suna manicotti. Abinci ne mai kyan gani, yara na son sa, kuma tire guda kan wadatar da gida. Babu aibu a son sa. Inda gizo ke saƙa shi ne, a ƙasar da ya fito an fi saninsa da abincin ranar Lahadi da ranakun biki, wanda ake ci da rana tsaka, dangi sun hallara. A Abuja kuwa, an ɗauko shi da dukkan maiƙonsa an ɗora a kan teburin ƙarfe tara na dare. Ya kamata gidan ma'aikaci ya rage masa nauyi, kuma kayan da za a yi hakan da su suna kasuwar Utako da ta Wuse, a farashin da albashi zai iya ɗauka.

Dalilin farko yana cikin yadda ranar ma'aikaci take tafiya. Mutum ya baro Kubwa, Lugbe, Nyanya ko Mararraba tun da jijjifi, ya shafe sa'a guda ko fiye a zaune cikin cunkoson motoci. Ya zauna a ofis daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, ya sake zama a mota kan hanyar komawa. Hadimi ma tasa ta fi tsanani, domin ba ya tashi sai maigidansa ya tashi. Abincin rana sau da yawa lemon kwalba ne da ɗan abin taɓawa, ko kuma a haƙura. Saboda haka abinci mafi nauyi a yini shi ne na bayan sallar isha'i, kuma da wuya a yi sa'a guda tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. Jikin da aka yi wa haka shekara ashirin ba zai rasa abin faɗa ba. Ƙididdiga daban-daban na nuna cewa kimanin mutum 1 cikin 3 na manyan Najeriya yana fama da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu cutar a duniya ba su ma san suna ɗauke da ita ba.

Lissafin tiren ba shi da wuya. Giram guda na mai yana ba jiki kalori 9, alhali giram guda na hatsi ko furotin 4 kawai yake bayarwa. Cokalin cin abinci guda na man gyada ya kai kalori 120. Ƙunshin taliya mai giram 500 yana da kalori kusan 1,800, wanda idan aka raba wa mutum shida bai wuce 300 ga kowa ba. Ke nan ba taliyar ce ke kawo nauyin ba, rakiyarta ce. Giram 100 na cukun Turawa mai tauri yana da kalori kusan 400, da daskararren kitse kusan giram 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, wato kimanin giram 22 ga mai cin kalori 2,000. Idan aka haɗa da farar miyar bota da madara, da naman da aka soya cikin ludayin mai, faranti guda ya isa ya cinye kason yini. Tafiyar sa'a guda da sauri a bakin tafki kuwa, da ƙyar take ƙona kalori 300 zuwa 400.

Sai gishiri. Ma'aunin da hukumar ta gindaya shi ne ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Cuku na da gishiri, miyar gwangwani na da shi, kuma kusan rabin dunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida, aka ƙara barbaɗa gishiri a kai, ta gama magana. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin rage cin gishiri na ƙasa a 2025, kamar yadda dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi. Ma'aikatan da ke karanta wannan shafi su ne ke rubuta irin waɗannan takardu, su buga musu hatimi. Abin takaici ne takarda ta fita daga teburin mutum zuwa jihohi 36, amma ta kasa shiga ɗakin girkinsa.

To, yaya ake rage nauyin? Farko dai a sauya abin da ake ɗurawa. Italiyawa kan yi amfani da wani farin cuku mai laushi da suke kira ricotta, su cakuɗa shi da ganye. Bahaushe na da abin da ya yi kama da shi tun tuni, wato awara. Ɗanyar awarar da ba a soya ba, idan aka tsane ta aka murmushe, tana riƙe haɗi kamar yadda cukun ke yi, ba ta kai rabin kalorin cuku mai tauri ba, kuma furotin ɗinta na waken suya ne. A haɗa ta da alayyahu ko zogale da aka turara aka matse, da albasa, tafarnuwa, citta, masoro da ƙwai guda domin ya kama. Wanda ba ya iya rabuwa da nama, sai ya rage shi zuwa rabi, ya zaɓi tsoka marar kitse ko ƙirjin kaza ko dafaffen kifi, ya cike gurbin da dafaffen wake ko gurzajjen karas da kabeji.

Na biyu, a bar farar miyar bota. A gasa tumatir, tattasai da albasa, a niƙa, a dafa da mai cokali biyu maimakon ludayi. Ɗan yankan dafaffiyar kabewa yana sa miya kauri da santsi ba tare da kirim ba. Daddawa kaɗan da kayan ƙamshi na ba da ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙule zuwa ɗaya ko biyu. Na uku, cuku ya koma ado, a barbaɗa ɗan tafin hannu a sama inda harshe zai fara cin karo da shi, ko a shafa kindirmon da aka tsane. A tafasa taliyar rabin nuna, a ɗura, a jera, a rufe, a gasa a zafin digiri 180 na minti 25 zuwa 30. Na huɗu, wanda ya fi sauran wahala, shi ne rabo: rabin faranti ganye, taliya uku ko huɗu a gefe, ruwa a madadin lemo. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da ake so mutum ya ci a yini ba zai samu ba, sai an buɗe masa wuri a faranti.

Dalili na biyu shi ne aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma darajar naira ta faɗi, duk abin da ya ƙetaro teku ya zama na masu hali. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin shekarar, amma ma'aikacin da ke matakin tsakiya ya san inda albashinsa ke ƙarewa kafin ashirin ga wata. Cuku da kirim da kwalin taliyar waje da kuɗin ƙetare ake shigo da su. Awara, alayyahu, kabewa da tattasai kuwa daga gonakin ƙasar nan suke fitowa. Ko kwalin taliyar ma ba dole ba ne. Injin taliya 'yar murji da ke gidajen Kano da Zariya yana fara fitar da ƙullu ne a shimfiɗe kafin a yanka shi siri-siri. Idan aka tsaya a nan, aka yanka shi murabba'i, aka naɗe haɗin a ciki, an sami abin da ake sayarwa da tsada a kanti. Mai so na iya gauraya fulawar da garin alkamar da ba a cire wa dusa ba.

Akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu abin saurare ne. Wasu za su ce wannan ba shi ne na asali ba. Amma taliya ba ta taɓa zama wuri guda ba. Tun a 1154 masanin ƙasa Al-Idrisi ya ba da labarin garin Trabia a tsibirin Sisili, inda ake sarrafa busasshiyar taliya ana lodin ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Tumatir ɗin da ake ganin kamar da shi aka halicci girkin Italiya, daga nahiyar Amurka ya zo musu a ƙarni na 16. Bahaushen da ya ɗauki taliya ya zuba mata manja da yaji bai nemi izinin kowa ba, don haka sa mata awara ba sabon abu ba ne.

Wasu za su ce abinci marar maiƙo ba ya riƙe ciki, kuma rage nama a gaban baƙo rowa ce. Gaskiya ne a al'ada maiƙo alamar karamci ne, kuma al'adar ta samo asali a zamanin da mutum ke yini a gona da fartanya, nama kuma sai ranar kasuwa ko salla. Jikan wannan manomi yanzu yini yake a kan kujera ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ke riƙe ciki shi ne furotin da ganye, kuma wake da awara ba su gaza a nan ba. Ranar suna ko salla, a yi tiren da dukkan adonsa. Maganar ta daren Talata ce da na Alhamis.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa me ya kai gidan Bahaushe ga taliya, alhali mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake sayo ta, ga kuma tuwon dawa da miyar kuka. Suna da gaskiya, kuma babu mai cewa tire ya kori tukunyar tuwo. Sai dai yaran da suka taso a Abuja sun riga sun ga wannan abinci, kuma idan ba a yi shi a gida ba za a saye shi a waje, inda ba wanda zai auna musu mai ko gishiri. Sannan hannun da ya koyi auna mai da cokali a wannan tire, shi ne zai auna shi gobe a miyar taushe da dafa-duka. Haka batun wuta yake. Tun da aka ɗaga kuɗin lantarkin rukunin A zuwa naira 225 a Afrilun 2024, kunna tanderun lantarki ya zama abin lissafi. Amma matan da ke gasa kek a tukunya da yashi ko da garwashi a kan murfi sun daɗe da warware wannan. Tire biyu a gashi guda, ɗaya a ci, ɗaya a sa a firij, ya ɗauke wa matar da ita ma daga ofis take dawowa girkin dare guda.

Nan ne maigida ya shigo cikin maganar. A gidaje da dama, uwargida ta san duk wannan lissafi, amma tana tsoron a ɗaga murfi a ce yau miyar ba ta ji mai ba. Wanda likita ya rubuta wa maganin hawan jini a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, shi ne sau da yawa kan fara yamutsa fuska idan aka rage gishiri. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni idan aka bi a hankali, amma sai an sami mai haƙurin makonnin. Idan uba ya ci ya yaba, yara za su bi. Hadiman da ke tsara abincin taruka a ma'aikatu ma suna da nasu kason, domin su ke zaɓar abin da za a jera a tebur.

Dokar aikin gwamnati ta ce mutum zai ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Kowane ma'aikaci na bin diddigin asusun fanshonsa, yana lissafin abin da zai tarar ranar. Kaɗan ne ke lissafin jikin da zai je ya karɓi kuɗin, da kuma kason da kantin magani zai riƙa cira duk wata. Rigakafi dai ya fi magani, kuma wannan rigakafin ba ya buƙatar takardar amincewa daga babban sakatare. Sassarfar safiyar Asabar a bakin tafkin Jabi abin yabo ce, a ci gaba da ita. Amma sau ɗaya ake yin ta a mako, abincin dare kuwa sau bakwai ne.