Sani Ya Fi Zato: Daga Ina Fada Ya Fito?

A wannan fitowa za mu duba wata kalma da ko wane yaro a zango ya sani, watau Fada. Da yawa daga cikinmu 'ya'yansu suna makarantar Roman, matanmu suna haihuwa a asibitin mishan, amma in yaro ya tambayi ubansa mene ne bambancin Fada da Fasto, sai uban ya ce duk ɗaya ne. To, ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya zauna da mutane bai san sunayensu ba, baƙo ne ko da ya shekara hamsin.

Fada kalmar Ingilishi ce, ma'anarta uba. Shi ne limamin Katolika, ba ya aure. Fasto kuwa na sauran ɗarikun Kirista ne, ma'anar sunansa makiyayi, shi yana aure. Bishop shi ne mai duba limaman lardi guda. Ɗaya daga cikin mashahuran na farko shi ne Irenewus na birnin Liyon a ƙasar Faransa, wanda ya hau bayan kisan da Rumawa suka yi wa Kiristocin garin cikin shekarar 177. Shi ya tsaya a kan cewa littattafan Linjila huɗu ne, ba ƙari ba ragi.

Sa'an nan akwai rahibi, wanda Alƙur'ani ma ya ambata cikin Suratul Ma'ida. Shi ne mutumin da ya bar aure da dukiya ya tare wuri guda don ibada. Abin ya yi ƙarfi ne tun daga hamadar Masar, inda Antoni ya zauna har ya rasu cikin 356. Daga baya Turawa suka gina manyan gidajen rahibai. Babban cikinsu shi ne na Cluny, arewa da Liyon, wanda aka kafa cikin 910. Shugaban wannan gida, Bitrus, shi ya sa aka juya ma'anar Alƙur'ani zuwa Latin karo na fari, aka gama cikin 1143. Nufinsa ya sami hujjar yin gardama da Musulmi, amma ku lura, sai da ya nemi sani tukuna.

Haka kuma a birnin Faris. Can ne babban malaminsu na tauhidi, Toma Akwinas, ya koyar tun daga 1256. Wannan malami ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd, ya ɗauki waɗansu maganganunsu, ya musa waɗansu, yana ambaton su cikin littattafansa. Ya rasu cikin 1274 yana kan hanyarsa ta zuwa taron manyan coci a Liyon.

To, yaya aka yi Fada ya zo ƙasashenmu? Amsar tana Liyon ɗin dai. Ran 8 ga Disamba 1856, wani bishop mai suna Marion Bresillac ya hau dutsen Fourviere da 'yan abokansa, suka kafa ƙungiyar mishan ta Afirka, wadda a ke kira SMA. Ya sauka Firitawun ta Saliyo cikin 1859, bai yi wata biyu ba zazzaɓin shawara ya kashe shi. Waɗanda ya bari ba su fasa ba. Suka sauka Wida ta Dahomi cikin 1861, suka iso Elmina cikin 1880, suka kafa gida a Shendam ta arewacin Nijeriya cikin 1907. Su ba rahibai ba ne, gama rahibi zama ya ke yi, ɗan mishan kuwa tafiya. Inda suka sauka, sukan koyi harshen mutanen wurin.

Ga abin da ya shafe mu. Mutanen nan sun yi shekaru ɗaruruwa suna karanta littattafanmu, ba su bar addininsu ba. Mu kuwa waɗansunmu suna tsoron ko jin ma'anar kalmar maƙwabci, wai kada imani ya raunana. Yaron da ya dawo daga makaranta da tambaya, in bai sami amsa wurin ubansa ba, zai nema a waje, kuma ba mu san wanda zai ba shi ba. Uban da ya ce, "Wannan Fada ne, ga aikinsa, ga inda muka yi daidai da su, ga inda muka rabu," shi ya riƙe ɗansa, ya kuma kiyaye haƙƙin maƙwabci.

Saboda haka muna roƙon malaman makarantun allo da na dare su riƙa bayyana wa yara waɗannan kalmomi da ladabi, ba da ba'a ba. Tambaya rabin ilimi. Allah ya zaunar da zangonmu lafiya, amin.