Gaba Kura, Baya Siyaki: Fina-finan Hasashen Mugun Zamani da Siyasar Zamfara

Gabatarwa

Daga cikin rassan fim ɗin Turawa akwai wani da ake ginawa a kan ƙagaggen labarin kimiyya, inda mai shirin yakan hango wani zamani mai zuwa wanda al'umma ta lalace a cikinsa. Da yawa daga cikinmu kan ɗauki irin waɗannan fina-finai a matsayin tatsuniyar Bature kawai. Manufar wannan 'yar muƙala ita ce ta nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai cewa abin da aka yi hasashensa a majigi ya riga ya sauka a ƙasar Zamfara, kuma ya zo da wani darasi na siyasa wanda su kansu masu fim ɗin ba su cika kula da shi ba.

Tsoro Iri Biyu

Idan mai nazari ya duba da kyau, zai tarar da cewa jigon waɗannan fina-finai ya kasu gida biyu. Na farko shi ne tsoron hukuma mai ƙarfin da ya wuce kima. Misalinsa shi ne 1984, littafin George Orwell na shekarar 1949, wanda Michael Radford ya mayar fim a 1984. A cikinsa hukuma ce ke da labari, ita ke sauya tarihi, kuma idonta na kan kowa har cikin ɗakin kwanansa. Na biyu kuwa shi ne tsoron rashin hukuma ɗungurungum, kamar yadda George Miller ya nuna a Mad Max na 1979 da kashi na biyunsa na 1981, inda gungun 'yan ta'adda a kan babura da motoci suka yi wa wata 'yar alƙarya ƙawanya saboda man fetur. Masu fim sukan ware kowane tsoro da ƙasarsa da zamaninsa. A nawa ganin, a Zamfara an haɗa wa talaka guda biyun a lokaci ɗaya.

Mulkin Daji

Manomin ƙauyukan Tsafe da Bungudu ba ya bukatar a fassara masa Mad Max. Ya san ayarin babura, ya san harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a yi shuka ko a ɗebe amfanin gona. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe. A watan Satumba 2023 aka shiga Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu. Wani abin da ya fi ɗaure kai ya faru a watan Yuli 2022, lokacin da Sarkin 'Yandoton Daji a ƙasar Tsafe ya naɗa Ado Aleru, mutumin da 'yan sanda ke nema, sarautar Sarkin Fulani, da hujjar neman zaman lafiya. Gwamnati ta dakatar da sarkin, amma saƙon ya riga ya isa kunnen kowane yaro, wato bindiga na iya kai mutum ga rawani. A watan Yunin wannan shekara kuma gwamnatin jiha ta shawarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu. Hukumar da ta ce wa talaka ya nemi makami ta amsa da bakinta cewa aikinta na farko ya gagare ta.

Mulkin Birni

To, sai dai hukumar da hannunta ya gajarta a daji, a gari dogo ne. A ranar 3 ga Satumba 2021, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, aka katse layukan wayar salula a faɗin jihar. Aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A watan Oktoba 2022 kuma gwamnati ta ba da umarnin rufe wasu kafofin watsa labarai, cikinsu har da NTA ta Gusau da Pride FM, saboda sun ɗauki labarin taron jam'iyyar adawa. Da aka yi mata ca, sai ta janye.

Adalci ne a faɗi hujjar gwamnati. Ta ce 'yan bindiga na amfani da waya wajen karɓar rahoto daga masu tsegunta musu da kuma cinikin kuɗin fansa, kuma ta kasuwa suke samun mai da abinci. Wannan magana ba ƙarya ba ce. Amma a duba wanda ya biya farashin. Wayar da ɗan bindiga ke amfani da ita, ita ce kuma mutanen ƙauye ke neman ɗauki da ita. Kasuwar da aka rufe, nan ne mai tallan gero da mai 'yan awaki ke samun na cefane. Bayan an maido da layi, hare-hare ba su ƙare ba. Masu iya magana sun ce an bar jaki ana dukan taiki.

Nan ne darasin yake. Tsoron nan guda biyu ba kishiyoyi ba ne, ɗaya ke ciyar da ɗaya. Duk lokacin da hukuma ta kasa kai hannu ga mai laifi, sai ta huce a kan wanda yake kusa, kuma rashin tsaro kan zama hujjar toshe bakin jama'a. Inda aka toshe baki kuwa, ba a jin kukan ƙauye, sai ɓarna ta ƙara samun gindin zama.

Kammalawa

Akwai wuri guda da ya kamata mu rabu da masu fim. Su sukan kawo jarumi ɗaya ya ceci al'umma, kuma da irin wannan labarin ne 'yan siyasarmu ke zuwa yaƙin neman zaɓe. Abin da Zamfara ke bukata shi ne kotu mai hukunci, da ɗan sanda a ƙauye, da jaridar da ba a rufewa. Mu kuma masu nazarin Hausa muna da namu kason. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya tabbatar da cewa harshenmu na iya ɗaukar ƙagaggen labarin kimiyya. Ya rage gare mu da marubutanmu da masu shirya fim a Kano mu rubuta Gusau ta shekara hamsin masu zuwa, domin masu mulki da waɗanda ake mulka su ga inda hanyar nan ta nufa tun da sauran damar juyawa. Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.