Daga Riruwai zuwa CERN: Ina rabon Kano a sabon maganaɗisu?

A ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Faransa da Suwizalan, cibiyar binciken kimiyya ta CERN tana da rami mai zagayen kilomita 27, inda ake tsere da ƙananan ƙwayoyin zarra domin a gwara su. Abin da ke tilasta musu shan kwana shi ne manyan maganaɗisu 1,232, kowanne mai tsawon mita 15. A cikin kowanne akwai koyil, ɗan'uwan wanda masu gyaran janareto ke naɗawa a Sabon Gari, sai dai zaren da ke cikin wayarsa na ƙarafan niyobiyom da titaniyom ne. Idan aka sanyaya wayar zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri, wuta tana ratsa ta ba tare da ta ɗauki zafi ba.

Wannan waya ta kusa iyakarta, domin ƙarfin da aka tsara mata tesla 8.3 ne, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Don haka a aikin inganta na'urar, wanda ake sa ran kammalawa a 2030, injiniyoyi sun zaɓi haɗin niyobiyom da kuza a wasu sababbin maganaɗisu da za su haura tesla 11. Zaɓi ne mai wahala. Wannan haɗi yana da gautsi kamar gilashi, saboda haka sai an naɗa koyil tukuna, sannan a gasa shi kwana da kwanaki a zafin digiri kusan 650, a cika shi da danƙo ya daskare. Daga nan ko ɗan lanƙwasa shi aka yi, aiki ya lalace.

A nan ne maganar ta shafe mu. Duwatsun Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, suna ɗauke da kuza da kuma kwalambayit, dutsen da ake fitar da niyobiyom daga cikinsa. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haƙar kwalambayit. Yau Burazil ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyom, ita kuwa harkar kuza ba ta koma yadda take ba tun faɗuwar kasuwarta a 1985.

Amma kada ɗan kasuwa ya yi saurin lissafin riba. Mafi yawan niyobiyom masana'antun ƙarfe ne ke saye, kuma dukan wayar da aka naɗa a na'urar CERN kimanin tan 1,200 ce, an saye ta sau ɗaya an gama. Kuɗin yana wajen tacewa da jan waya, ba wajen buhun dutsen da ake lodawa a mota a ratsa dajin Falgore da shi ba. Tacewa kuwa wuta take ci, alhali tashar lantarki ta madatsar Tiga megawat 10 aka tsara mata, CERN kuma takan ja kusan 200 lokacin da aiki ya kankama.

A ganina, abin da ya kamata gwamnatin Kano ta nema daga duk kamfanin da ya shiga Riruwai shi ne ya fara sarrafa dutsen a nan gida, ko da matakin farko ne. Ita CERN tana nazarin haƙa sabon rami mai kilomita 91, za ta yanke shawara wajen 2028, kuma zangon aikin da zai buƙaci dubban irin wannan maganaɗisu sai cikin shekarun 2070.