Dajin Kogo: Ko sunan gandun daji na ƙasa zai ceci abin da ya rage?

A watan Disambar 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya amince a ɗaga darajar dazuzzuka goma zuwa gandayen daji na ƙasa, matakin da zai kai adadinsu 17 daga bakwai. A cikin jerin akwai Dajin Kogo da ke yankin Faskari a kudancin Jihar Katsina, da Falgore a Kano, da fadamun Haɗeja a Jigawa.

A ranar 11 ga wannan watan ne kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka nausa daji da su. Labari na biyu ya danne na farko. Tun daga nan, duk inda aka ambaci daji a Katsina tsaro ne ke zuwa a rai, ba kasafai ake tambayar makomar itatuwa da namun dawan da aka keɓe dajin dominsu ba.

Jerin na 2020 ya haɗa da dazuzzuka biyu na Jihar Bayelsa, Apoi da Edumanom, waɗanda ke yankin Neja Delta kusa da Tekun Atilantika. Can ƙasa ce ta ruwa da taɓo, inda wasu itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu na zama maƙyanƙyasar kifi da garkuwar gaɓa daga zaizaya. Babu ƙasar Afirka da ta kai Najeriya yawan irin wannan daji. A kurmin Apoi, wanda ya shiga rajistar fadamun duniya ta yarjejeniyar Ramsar a 2008, ake samun wani jan biri da ba shi a ko'ina a duniya sai Neja Delta.

Tsakanin Apoi da Kogo akwai tazarar ɗaruruwan kilomitoci, amma ciwonsu iri ɗaya ne. A can malalar ɗanyen mai da sarar katako ke cin daji, a nan kuwa gatari da gawayi da bindiga. A wuraren biyu doka ta rubuta cewa an kare dajin, alhali wanda ke riƙe da shi a zahiri wani ne daban.

Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa yankin ke fitar da itatuwa irin su doka da maje da kawo da madobiya da marke da ƙirya, baya ga kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da kanya. Wannan bambancin shi ne dukiyar. Daga ɗorawa ake samun kalwar daddawa, daga kaɗanya man kaɗe, daga ƙirya turmi da gawayin maƙera, maɗaci da marke kuwa suna cikin jakar mai maganin gargajiya. Makiyayi na sassaɓo ganyen kawo da madobiya idan rani ya tsananta. Ƙudan zuma da jemagu su ke yi wa yawancin itatuwan nan barbara, tsuntsaye da birai kuma su baza irinsu. Idan aka rasa ɗaya, sauran ma sai sun ji a jikinsu.

Mazauna birnin Katsina suna da hannu a lamarin, ko sun sani ko ba su sani ba. Tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa kan murhun gawayi da itace, kuma mai ƙona gawayi itace mai tauri yake nema, wato irin wanda ke shekaru masu yawa kafin ya girma. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, amma a matsayin matakin tsaro aka yi hakan. Buƙatar da ke tura motocin dajin tana nan har gobe.

Kasuwar waje ma ta yi nata ɓarin. Rububin da 'yan kasuwar Sin suka yi wa katakon madobiya a Afirka ta Yamma ya sa aka saka shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Ta fuskar tsuntsaye, ungulu da a da ba a raba ta da mahauta ta yi ƙaranci, har ƙungiyar IUCN ta sanya nau'in da aka fi sani a ƙasar Hausa cikin masu dab da ɓacewa a 2015. Gauraka, tsuntsun da Najeriya ke tinƙaho da shi, shi ma ganinsa ya zama sai an tona.

Wasu na ganin tunda 'yan bindiga sun hana manoma da masu saran itace shiga daji, watakila dajin ya samu hutu. Wannan hasashe ne kawai, domin masana ba sa iya shiga su ƙirga. Abin da aka sani shi ne ɗaruruwan mutane masu makamai suna zaune a ciki da garkunan shanun sata, suna farauta, suna kuma ƙona daji. Mutanen da aka kora daga ƙauyukansu kuwa sun taru a gefen garuruwa, inda sayar da itace ya zama sana'ar wanda ya rasa gona.

Akwai kuma masu cewa a share dazuzzukan kowa ya huta. A farkon 2022 Gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya yi kira da a yi musu ruwan bama-bamai, yana mai cewa ana iya sake dasa itatuwa daga baya. Fushin da ya haifar da kiran abin fahimta ne ga duk wanda ya binne ɗan'uwa ko ya biya kuɗin fansa. Sai dai dashen itace ba ya mayar da daji. Kaɗanya kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma gonar darbejiya ko turare ba za ta maye gurbin kurmin da ke ɗauke da nau'o'i masu yawa ba. Jihar da ke cikin 11 da hamada ke wa barazana, idan ta aske dajinta, ta yi gudun gara ne ta faɗa gidan zago.

Shi ma sunan gandun daji na ƙasa ba laya ba ne. Kamuku da ke Birnin Gwari ya samu wannan matsayi tun 1999, amma bai hana shi zama sansanin 'yan bindiga ba. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, sannan a watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa dakarun tsaron daji. Matakan biyu sun shafi ƙwato dajin ne. Tambayar da ta rage ita ce wa zai riƙe shi bayan an ƙwato, kuma da wane tsari.

Amsar ba ta da nisa da Katsina. A Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa gyara har ya zama itace. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Abin da ya sa ta karɓu shi ne manomi ya tabbata gawon da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba. A gandun Gadabeji da ke jihar kuwa, an mayar da raƙuman dawa takwas a 2018 bayan shekaru da dama da ɓacewarsu daga yankin.

Darasin shi ne jama'a na kare abin da suke da rabo a ciki. Domin haka aikin farko a Kogo da Rugu, da zarar hanya ta buɗe, shi ne a ba masanan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma damar ƙirga abin da ya rage, a kuma sabunta iyakoki tare da hakimai da arɗo-arɗo. Na biyu, a ɗauki 'ya'yan manoma da makiyaya da mafarautan yankin aikin gadi, a ba matan ƙauyuka izini a rubuce na tsintar kaɗe da ɗorawa. Na uku, a sauƙaƙa wa mutanen birni makamashin girki. Shirin ACReSAL na Dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, wanda Katsina ke ciki, wata kafa ce ta samun kuɗin.

A 2022 Najeriya ta bi sahun ƙasashen da suka yi alƙawari a birnin Montreal na Kanada cewa za su kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa nan da 2030. A kan takarda, Kogo zai shiga lissafin. Idan aka jinkirta, iyakar dajin za ta kasance a taswira, amma kaɗanyar da ɗorawar da aka shata iyakar dominsu sun riga sun iso birni cikin buhunan gawayi.